Sunan Shafin Matan Riɗi

Saura kwana uku kamfanin da ke riƙe musu shafin intanet ya rufe, Ramlat ta shiga motar Kano daga Bici da takardu a leda. Cikinta wata bakwai. Mijinta Malam Sabo ya ce ta bari a aiki wani, ta ƙi.

Ta wannan shafin ƙungiyarsu ta mata arba'in masu noman riɗi da zoɓo take samun masu saye kai tsaye, ba sai sun bi ta dillalai ba. Ta samo sabon kamfani, an kwashe hotuna da komai, amma sunan shafin ya ƙi tasowa. Aka ce sai mai shi ya amince. Mai shi kuwa Ja'afaru ne, mijinta na fari, wanda ya yi wa shafin rajista da sunansa kafin motar da ya shiga ta ƙone a hanyar Legas, shekara huɗu ke nan. A can aka binne fasinjojin gaba ɗaya. Jakarsa kawai aka kawo mata.

In sunan ya kuɓuce, masu saye ba su da hanyar samun su, ga riɗin bana jibge a buhu.

A ofishin rajista ta shimfiɗa wa ma'aikaciyar, Tahira, takardar mutuwa da wasiƙar mai gari. Ta roƙe ta a mayar da sunan shafin hannunta. Ta ce a cikin matan akwai masu riƙon marayu, kuma ita suka dogara da ita.

Tahira ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta tambaye ta wa yake sabunta rajistar duk shekara.

"Ashe sabuntawa ake yi?" in ji Ramlat.

Tahira ta ce ba a taɓa fashi ba, kuma bara aka canza lambar wayar da ke kai. Doka ce sai ta kira lambar kafin ta karɓi takardun.

A ganin Ramlat, ɗan damfara ya shige musu ke nan. Ta ce a buɗe muryar wayar ta ji, ko durƙusawa ne za ta yi masa.

Wayar ta yi ƙara sau uku, aka ɗauka.

"Salamu alaikum, da wa nake magana?"

Ramlat ta dafe cikinta da hannu biyu. Muryar Ja'afaru ce.