Numfashin Aro

Auta, 'yar tela, da ciwon asma ta tashi. Asibiti suka ba uban wani ɗan bututu da ke haɗe da wayarsa. Kowace safiya yarinyar za ta busa, wayar ta aika wa nas ƙarfin numfashinta. In ta nuna kore, lafiya. In ta nuna ja, nas ta kira ta ce a kawo ta.

Jan nan ya ishi tela. Duk ranar da ya fito, sai ya rufe shago ya wuni a layin asibiti, masu ɗinki suna ta kiransa suna zazzaga masa rashin mutunci.

Wata safiya Auta ta busa, ja. Tela ya dubi tulin yadin da ke kan keke. Ya goge bakin bututun da gefen rigarsa, ya cika ƙirji ya busa. Kore.

"Baban Auta, ka ji tsoron Allah," in ji matarsa.

"Ke dai kin cika fargaba. Waya ta san bakin wa? Ga yarinya nan da ƙafafunta, me ya same ta?"

Daga ranar shi ke busawa. Auta kuwa ta daina guje-guje. In ta hau matakala sai ta tsaya ta dafa bango, ƙirjinta na wani siririn kuka kamar ɗan kyanwa.

Ana haka nas ta kira, muryarta cike da murna. "Madalla, Baba! Ƙirjinta ya buɗe sosai. Likita ya ce a rage mata maganin shaƙa na kullum. Ba ta tari, ko?"

Tela ya dubi 'yarsa, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka. Kunyar tona asirin kansa ta kama shi.

"Ba ta yi," ya ce.

Da maganin ya ƙare, marar ƙarfi aka ba su.

Wata rana da rana tsaka abin ya taso, Auta tana share ƙyallaye a shago. Tsintsiya ta faɗi. Ta buɗe baki, iska ta ƙi shiga, leɓɓanta suka yi duhu. Tela ya saɓa ta a kafaɗa yana ihun a tsayar da mota. Kafin su kai ƙofar asibiti, hannun da ke riƙe da wuyan rigarsa ya saki.

Jama'a, nas da ke nesa ba ta jin ƙirjin ɗanka. Abin da ka aika mata, shi kaɗai ta sani. Duk wanda ya yi mata ƙarya don ya huta da zirga-zirga, ba asibiti ya cuta ba. Nasa ya kashe.