Bakin Shawul

Ma'u da idonta ta gani, ba labari aka ba ta ba. Ana tashi sallar azahar ta koma ɗakin saƙa ɗauko wayarta, sai ta hango Gwaggo, tsohuwar ma'aikaciyar wurin, tsugune gaban kwandon Firdausi, ta kama bakin zare tana ja. Adon da yarinyar ta sha wuya a kansa tun safe yana warwarewa, tudu bayan tudu. Ma'u ta juya da sauri, zuciyarta na tafasa.

A wannan kamfani na Sharada inji ne ke saƙa shawul ɗin jarirai, amma baki sai hannu. Mata ke zama da kwarashi suna bin gefen da ado mai tudu-tudu, kamar an jera ƙananan ƙore a kife. Idan tudu ɗaya ya fi ɗan'uwansa, Malam Dalhatu mai duba aiki ya wurgo miki abinki. Idan abin ya yawaita, ya nuna miki ƙofa.

Firdausi kuwa ƙofar take kallo. Tun da murfin inji ya datse mata yatsun hagu, kwarashi ya daina yi mata biyayya. Ga miji a zaune tun da aka rage ma'aikata a Challawa, ga goyo a gida. Malam Dalhatu ya riga ya faɗa mata, in hannun ya ƙi, ta je ta huta.

Ma'u 'yar Hotoro ce, sabuwa a wurin, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Tun zuwanta jininta bai haɗu da na Gwaggo ba. Tsohuwar tana wasa da kowa, har da masu gadi, amma da Firdausi ta shigo sai ta ɗaure fuska ta kau da kai. Ko sunanta ba ta kamawa, sai dai "waccan". Ranar da inji ya ci yatsun, mata suka yi kanta da salati, Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ƙura wa zarenta ido, kwarashin a tsaye cak.

Gwaggo da Firdausi duk bahagwai ne, shi ya sa aka ajiye su a ƙarshen benci ɗaya don kada su riƙa karo da sauran. Ma'u ta gama lissafinta: hassada ce. Tsohuwa ta ga yarinya mai irin hannunta, ta tsorata.

"Wai me kika tsare wa matar nan?" ta taɓa tambayar Firdausi.

Firdausi ta yi murmushi ta ce, "Haka Gwaggo take."

Wannan haƙuri ya fi komai ƙona wa Ma'u rai. Yarinyar da ta tashi a hannun kaka a can ƙauyen Ringim, ina ta san mugun halin mutane?

Washegari Ma'u ta sake leƙawa, ta sake ganin ana jan zare. Abin mamaki, har yanzu Malam Dalhatu bai dawo da shawul ɗin Firdausi ko ɗaya ba. Ma'u ta ce Allah ne ke kare bayinsa. Kwandon Gwaggo kuwa kullum raguwa yake, ga ta ba ta fita cin abinci, har ta fara ramewa. Ma'u ta ce alhaki ne ya fara bibiyarta.

Ranar Alhamis Firdausi ta tafi asibiti wankin ciwo. Ana kiran salla Ma'u ta je ta taso Malam Dalhatu. Suka tarar da Gwaggo da shawul a cinya, rabin bakinsa a kwance, zare ya taru a ƙasa.

Malam Dalhatu ya ce, "Gwaggo, aikin wa ke hannunku?"

Ma'u ta yi caraf ta karɓe zancen.

"Da girmanku? Me yarinyar nan ta yi muku? Ku yi magana mana!"

Gwaggo ta dubi ƙasa ta ce, "Ba ni da ta cewa a kan waccan."

Malam Dalhatu ya ce to shi ma ba shi da wurin ajiye mai ɓata aikin wani. Gwaggo ta ninke shawul ɗin ta mayar kwando, ta soke kwarashinta a ɗankwali, ta fice ba ta waiwayo ba.

Da la'asar Firdausi ta dawo, hannu a naɗe. Ma'u ta tare ta tun daga bakin ƙofa, tana ba ta labari baki har kunne, wai yau ta raba ta da ƙaya.

Firdausi ta wuce wurin kwandonta. Ta zura hannun dama ƙasan kwandon, ta zaro shawul ɗin jiya ta shimfiɗa. Tudun nan sun jeru reras, babu wanda ya fi wani. Ta ɗaga naɗaɗɗen hannunta kusa da shi.

"Ma'u, dubi nan. Da wannan hannun zan yi wannan? Nawa a karkace yake fitowa. Gwaggo ce ke kwancewa ta sake."

Ma'u dai bakinta bai mutu ba. "To me ya hana ta faɗa? Matar da ko sunanki ba ta iya kamawa!"

Firdausi ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rungume shawul ɗin, hawaye na zuba.

"Ta yaya za ta kama? Gwaggo ce ta haife ni, ni ce 'yar farinta."