Kuɓewar Inna

Wata rana da la'asar na dawo daga lakwal, na tarar da Inna durƙushe a bayan ɗakinmu na Zongo, inda ta shuka kuɓewa a jikin bango. Irin daga garinsu ta zo da shi, ragowar wanda mahaifiyarta ta ƙulle mata kafin ta rasu. Don kada wani abu ya taɓa shukar, sai ta lulluɓe ta da gidan sauronta, ita kuwa ta bar wa sauro jikinta.

Ashe gafiya ta haƙo rami ta ƙarƙashin bango, ta cinye shukar har saiwa. Gidan sauron yana nan tsaye, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Na ce, "Inna, a sayo wani iri a kasuwa mana."

Ta ɗauki wani guntun kara da gafiyar ta bari, ta daɗe tana jujjuya shi a tafin hannunta. Sannan ta ce, "Wannan ba a sayar da shi, 'yata."

Ba ta sake shuka komai ba har ta bar duniya. Yau na girmi Innar wannan rana, amma har yanzu ina jin kunyar abin da na ce mata.