Robar Kusurwa

Tara suka zube, ɗaya ta tsaya. Ita ce dai ta kullum, wadda ke kusurwar dama a layin baya.

Kashim ya murɗa gashin bakinsa, ya ce laifin babban yatsa ne.

Shi ya kawo wasan nan ƙauyensu Balan. Ya yi zaman Abuja yana sayar da turare, a can ya ga masu hali na wasan bolin: a jera kwalabe goma, mutum ya mirgino ƙwallo mai nauyi ya watsa su. In wasu suka rage, yana da jifa na biyu ya kwashe saura. Kashim ya dawo gida bayan girbi yana cewa a jifa na biyun nan ake gane gwani, kuma shi a Abuja ba a taɓa ganin ya bar saura ba. A majalisar hirarsu babu wanda ya san hanyar Abuja balle ya ƙaryata shi.

Sagiru masassaƙi ya sassaƙa masa ƙwallo da icen ƙirya, ya huda mata ramuka uku na yatsu. Aka ɗura wa robobin lemo yashi, aka shafa musu farar ƙasa. Fili kuwa, babu mai kyan na gefen dangar Inna Batula, dattijuwar da ba ta yarda a taɓa mata ko tsinke. Da farko ta hana, don ta ji Kashim na cewa duk abin da ke tsaye a filin sai an tumɓuke shi. Da ta ji robobinsu tara ne, sai ta sauko, har ta ce za ta cika musu ta goman, da dare kuma ita za ta riƙa kula da su. Washegari suka tarar ta kafa tata tsaf, fara sol, suka jera sauran daga jikinta.

Tun daga ranar ba ta taɓa faɗuwa ba. Wannan ya sauƙaƙa aikin jeri, amma ya hana Kashim sukuni.

Ba wai bai san abin ba. In ya fara bayani har sai ka ji sha'awa. Jifan kwashe saura, in ji shi, ba a murɗa hannu. Wuyan hannu a miƙe, babban yatsa ya fara fita daga rami, sauran biyun su biyo baya, hannu ya tashi kamar za ka gaisa da surukinka. In robar na dama, ka tsaya can hagu ka yanko fili. Sai ya gwada. Ƙwallo ta daki robar, ta yi tsalle gefe, robar tana nan.

Kullum da dalilinsa. Yau zufa ce ta riƙe masa yatsa. Gobe wani ne ya yi tari daidai lokacin saki. Jibi kashin awaki ne da ke taruwa a wajen kusurwar, ya sa aka share, washegari ya dawo.

A gida ya koma gwaji da kabewar matarsa Aisa. Ya huda kabewa uku, ya fasa randa, ya karya wa zakara ƙafa. Aisa ta kwashe sauran kabewar ta kai ajiya gidan maƙwabta, ta daina yi masa magana sai da ido.

Labari ya kai Toranke, ƙauyen da ke maƙwabtaka da su. Samarin can suka fara zuwa a kan babura, ba don su yi wasa ba, sai don su gaida robar. Har kirari suka yi mata. Ran da ɗayansu ya durƙusa a gabanta ya ce “Ranki ya daɗe,” Kashim ya hasala, ya rantse gaban kowa: in Juma'a ta wuce robar nan na tsaye, a aske masa gashin baki a filin.

Wanda bai san Kashim ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Gashin bakin nan tun yana saurayi yake renonsa, da turaren da ya fi tsada a jakarsa yake shafe shi, ko koko zai sha sai ya ɗage shi da yatsa.

Ran Juma'a bayan la'asar fili ya cika. Baffa Tukur wanzami ya zo da wuri, ya samu gaba ya zauna, ya buɗe zabirarsa.

Jifan farko ya kwashe tara. Kashim ya goge yatsunsa da toka, ya koma can hagu, ya yi bisimilla. Wuyan hannu a miƙe. Babban yatsa ya fita sumul. Ƙwallo ta tafi ɗoɗar, ko juyi ba ta yi ba, kuma ko maƙiyinsa ya san bai taɓa yin jifa mai kyan wannan ba.

Ƙwas! Ƙwallon ƙirya ta rabe biyu. Robar ta ɗan loɓa, ta tsaya.

Kashim bai kawo dalili ba a wannan karon. Da ƙafarsa ya je ya zauna gaban wanzami, ya rufe ido, hawaye na bin kumatunsa. Abin ya ba da tausayi, har 'yan Toranke suka rage dariya. Baffa Tukur kuwa aikinsa ya zo yi, ya jiƙa, ya kwashe ɓangaren dama tas.

Yana wasa aska zai koma hagu sai ga Inna Batula ta ratso taron, tana jan akuyarta.

“Ku ɗan matsa min, 'ya'yan nan. Yau kun daɗe, ga magariba ta kawo kai.”

Ta wuce kai tsaye kusurwar dama, ta ɗage robar da yatsu biyu, ashe ko gindi ba ta da shi, ta ɗaure akuyar a turken da ke ciki.