Ƙwaryar Tatsa

Da sassafe ya ajiye ƙwaryar tatsa a bakin gadon matarsa, kamar yadda ya yi jiya da shekaranjiya.

"Daure ki tashi. Farar saniyar ga na ta kuka, ta ƙi hannuna."

"Ba ni iyawa," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "Yatsun ba su lanƙwasuwa."

Damina biyu ke nan da amosanin gaɓɓai ya kama ta. Da ciwon ya fara, kullum safiya, daidai lokacin tatsa, sai yatsunta su kumbura su sandare. Matar da ake rububin kindirmonta a kasuwar Bafarawa ta koma ko zane sai an ɗaura mata. A hankali ta bar fita, ta bar hira, har ta bar tambayar shanu.

Watannin baya ya goya ta bisa babur zuwa asibiti a Isa. Likita ya rubuta magani, ya ce ciwon nan yakan jawo ciwon damuwa, a sa mata ido. Shi dai bai kula ba. Hannu ya kawo a gyara. Kumburin kuwa ya sace tuni.

Saniyar ta sake kuka a waje. Sai ya ga matar ta miƙo hannu. Cike da murna ya matsa mata ƙwaryar.

Yatsun nan biyar suka lanƙwashe sarai, suka damƙi bakin bargo, irin damƙar da take yi wa hantsar saniya. Ta ja shi, ta rufe kanta ruf.