Cinyar Kazar Da Ta Cinye Keken Kawu

Kawu Mai Jaka yana da wani baƙin keken ɗinki mai nauyi da yake kira Tsohuwa. Ita ce ke huda fata da tamfol, abin da ƙaramin kekensa ba ya iyawa. Duk lokacin da aka kusa komawa makaranta, Tsohuwa ce ke ɗinka jakunkunan yara, kuma da wannan aikin gidan yake ci har shekara ta zagayo. Matarsa takan tsokane shi cewa man da yake shafa wa keken nan, da ƙafarsa yake shafa wa da tuni faso ya bar shi.

Kawu mutumin kirki ne, sai dai kunya ta yi masa yawa. Idan ya sha ruwa a shagon wani, ba ya iya fita sai ya sayi ko allura ce.

Wata rana saƙo ya shigo wayarsa. An ce akwai taro kyauta a wani otal, za a koya wa masu sana'a yadda ake sayar da kaya a intanet, har da abincin rana. Matarsa ta goge masa rigarsa mai kyau, ta ce ya je ya ji, amma ya kai kunnensa kawai, ya bar hannunsa a aljihu.

Ɗakin taron da sanyi, kujeru duk an lulluɓe da farin ƙyalle. Mai jawabi ya fito sanye da kwat, baki kamar an zuba zuma. Ya nuna hoton wata mata tana barci, wayarta a gefe tana ta karɓar ciniki. Ya ce duk wanda ya sayi shafin da kamfaninsu ke buɗe wa mutane, ya yi sallama da zaman jiran mai saye. Aka yi ta tafi.

Kawu ya ɗaga hannu. Tambaya ɗaya ce a ransa, kuma mai kyau ce: idan an buɗe shafin, wa zai kawo masu saye? Mai jawabi ya yi murmushi, ya ce za a zo wurin bayan an ci abinci.

Aka kawo shinkafa da cinyar kaza da lemo mai sanyi. Wata budurwa cikin ma'aikatan ta durƙusa gabansa. "Baba, a ƙaro maka nama?" Kafin ya ce a'a, ta ƙaro.

Yana goge hannu ta jawo kujera kusa da shi. Ta ce an yi rangwame a kuɗin shafin, amma na yau ne kaɗai, da zarar an rufe ƙofa ya wuce. Kawu ya dubi ƙasusuwan da ke farantinsa. Tambayar nan ta zo har maƙogwaro ta koma. Yaya zai ci kazar mutane har biyu, sannan ya titsiye su kamar bai yarda da su ba? Ya ba da kuɗin da ke jikinsa a matsayin kafin alƙalami, aka ce ya cika kafin mako ya fita, in ba haka ba wanda ya bayar ya tafi.

Don kada wancan ya tafi, sai ya sayar da Tsohuwa ga mai ɗinkin kujerun mota da ke ƙarshen layi. Ya ce wa matarsa kada ta damu, ciniki na fara zuba zai sayi sababbi biyu. Ta dube shi, ta ce Allah ya sa.

Shafi dai an buɗe, kuma ba laifi, ya yi kyau. Ga sunansa, ga hotunan jakunkuna. Amma shiru kamar an shuka dusa. Da ya kira kamfanin, suka ce jawo masu saye wani tsari ne daban, da kuɗinsa daban, ban da na wata-wata don kada a rufe shafin.

Ran nan yana shago wayar ta yi ƙara: an yi odar jaka ɗaya. Kawu ya miƙe, ya nuna wa maƙwabta, har ya ɗan taka rawa. Da ya natsu ya karanta inda za a kai, sai ya ga gidansa ne. Matarsa ce ta yi da wayarta, don ta gaji da ganinsa yana leƙa waya fuska a murtuke.

Ba a jima ba shugabar makarantar da ta saba ba shi aiki ta zo da tamfol. Ya gwada da ƙaramin keke, allura ta karye, ya sa wata ta karye. Ta ba shi haƙuri, ta naɗe kayanta, ta kai wa mai kujerun mota. Daga inda Kawu yake zaune yana jin ƙarar Tsohuwa, ƙarar da ko cikin kekuna ɗari zai gane, tana ɗinka jakunkunan da a da shi ke ɗinkawa. A wannan shekara da basilla ya koma gyaran hannun jaka da zif.

Ranar da aikin tamfol ɗin ya kuɓuce masa, da ya koma gida, matarsa ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye kwano a gabansa.

"Ci, Maigida," in ji ta. "Wannan ko ka nemi ƙari, ba za a ce ka sayar da komai ba."

Ya yi dariya har hawaye suka zubo, kuma ba duka ne na dariyar ba.

'Yan uwa, sayar da kaya a intanet ba laifi ba ne, zuwa taro ma ba laifi ba ne. Amma abincin da aka ce kyauta ne, kyauta ne, ba bashi ba. Ku ci, ku yi godiya, ku tambayi wanda zai kawo masu saye da abin da za a riƙa biya nan gaba, sannan ku koma gida ku yi shawara. Duk cinikin da ba zai iya jiran gobe ba, kada ku sayar da abin da ke ciyar da ku saboda shi.