Randebun Na'Allah

Na'Allah ya miƙa wa Habsatu mai abinci salularsa tun kafin ya wanke hannu, kamar kullum.

"Duba mini, ƙanwata. Sun kira ni?"

Ta goge yatsu a zane, ta duba, ta girgiza kai. Ta jona wayar a batirin da ke ƙarƙashin teburinta, ta zuba masa shinkafa da kan kifi.

A da, direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, kan yi makonni a filin kwantena na Gaya suna jiran layi, tukwanen Habsatu ba sa sauka daga murhu. Sai kamfani ya kawo ordinata, na'ura mai raba randebu, wato ranar da kowa zai ɗauki kaya. Yanzu saƙo ke zuwa da Faransanci. Ka danna ɗaya, ka shigo a ɗora maka kwantena, ka kama hanya. Mai uzuri ya danna biyu, a ɗaga masa zuwa wata rana.

Filin ya washe. Masu abinci suka watse, ban da Habsatu, wadda ta yi lakwal har koleji. Benci ɗaya ya rage mata, na tsofaffin direbobin da ba su yi boko ba.

Waɗanda suka zo bayan Na'Allah sun kai Yamai sun dawo. Shi yana nan, har ciyawa ta tsiro tsakanin tayoyin motarsa. Mai motar ya ja masa kunne: in Juma'a ta same shi a Gaya, ya ajiye makulli.

Na'Allah ya je biro, ofishin kamfanin. Ma'aikacin ko kai bai ɗago ba.

"Baba, ordinata ba ta son kai, ba ta mantuwa. Ka dinga duba wayarka."

"Azzalumai," in ji Habsatu da ya ba ta labari. Ta ƙara masa miya.

Juma'a ta zo. Bayan an sauko daga masallaci, wani dattijon direba mai suna Siddo ya karɓi makullin yana kawar da ido. Na'Allah ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta, ya tsaya gaban tebur.

"Ke kaɗai kika riƙe ni a garin nan. Allah ya saka miki."

Ta ce amin, idonta na kan tukunya.

Washegari Siddo ya zauna a gurbin Na'Allah. Salularsa ta yi ƙara, ya miƙa mata.

"Ban iya yaren Nasara ba, Hajiya. Layina ne?"

"Talla ce kawai, Malam. Da kifi ko da nama?"

Ta danna biyu, kamar yadda ta yi ta danna wa Na'Allah duk ranar da layinsa ya zo, sannan ta jawo kwano.